Dashen Tsibiran Fankiriyas na Alade a Jikin Ɗan Adam: Tambayoyi da Amsoshi Kan Martanin Garkuwar Jiki

Fiye da shekara 30 ke nan likitoci da masana ke ƙoƙarin ɗauko ƙwayoyin da ke samar da insulin daga jikin alade su dasa wa masu ciwon suga nau'i na ɗaya, kuma babban abin da ya tsaya musu a gaba har yau shi ne garkuwar jikin ɗan Adam. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi wannan turjiya mataki-mataki, tun daga mintunan farko na dashe har zuwa watannin da ke biye.

Mene ne tsibiran fankiriyas, kuma me ya sa ake neman na alade?

Fankiriyas gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi. Mafi yawan namanta ruwan narkar da abinci yake samarwa, amma a warwatse cikinta akwai ƙananan dunƙulen ƙwayoyi, kimanin miliyan 1 a jikin baligi, waɗanda ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin gaɓar ba. Bajamushe Paul Langerhans ne ya fara bayyana su a 1869, shi ya sa ake kiransu tsibiran Langerhans. A cikinsu ne ƙwayoyin beta suke, masu auna sugan da ke cikin jini su saki insulin daidai gwargwado. A ciwon suga nau'i na ɗaya, garkuwar jikin mutum ce da kanta take hallaka waɗannan ƙwayoyi.

A shekarar 2000, James Shapiro da abokan aikinsa a birnin Edmonton na Kanada sun ba da rahoton majinyata 7 da aka ɗura musu tsibiran mutanen da suka rasu, kuma dukkansu suka daina allurar insulin na wani lokaci. Sai dai kusan kowane majinyaci ya buƙaci tsibirai daga fankiriyas biyu ko fiye, alhali masu ba da gudummawar gaɓoɓi kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da masu ciwon. Alade kuwa yana haihuwa da yawa, yana girma da wuri, ana iya kiwonsa a killataccen wuri marar cuta, kuma yawan sugan jininsa bai yi nisa da namu ba. Uwa uba, insulin ɗinsa ya bambanta da na mutum a tubali ɗaya tak cikin 51 da suka gina shi.

An daɗe ana yi wa mutane allurar insulin na alade, ana kuma dasa musu murfin zuciyarsa. Me ya sa ƙwayoyin suka fi wuya?

Insulin ƙaramin furotin ne guda ɗaya da aka tace, kuma an yi shekaru da dama ana amfani da na alade kafin wanda ake haɗawa ta fasahar gado ya shigo kasuwa a 1982. Murfin zuciya kuma ana jiƙa shi a sinadari har ƙwayoyinsa su mutu kafin a dasa. Tsibiri kuwa abu ne mai rai, dole ya ci ya sha ya yi numfashi a jikin wani, kuma fatar kowace ƙwaya da ke cikinsa tana ɗauke da dubban alamu da ke shaida cewa ba daga jinsin mutum ta fito ba. Garkuwar jiki tana karanta waɗannan alamu ta hanyoyi daban-daban, kowace da lokacinta.

Me ke faruwa a sa'ar farko bayan an ɗura tsibiran?

A hanyar da aka fi sabawa da ita, likita yana zura siririn bututu ta fatar ciki har cikin babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji zuwa hanta, sannan a bar tsibiran su gangaro a hankali daga wata jaka. Dukkan abin da ake ɗurawa, idan aka tace ruwan da yake ciki, bai fi cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Jini ne ke ɗaukar su ya kai su ƙananan rassan jijiyar cikin hanta, inda suke maƙalewa.

To a nan ne asarar farko take aukuwa, kuma ita ce mafi sauri. A wurinsu na asali tsibiran ba sa haɗuwa da jini kai tsaye, domin akwai shimfiɗar cikin jijiya tsakaninsu da shi. Da zarar an zuba su tsirara cikin jini, sai jinin ya ɗauke su a matsayin rauni da ya kamata a toshe. Ƙwayoyin tsibirin suna fitar da wani furotin da ke tayar da daskarewar jini, ƙananan ƙwayoyin jini masu haɗa gudaji suna manne musu cikin mintuna, zaren daskarewa yana naɗe su, sannan rukunin furotin na jini da ake kira kwamfilimen ya farka, wanda aikinsa shi ne huda fatar baƙuwar ƙwaya da kuma kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. Kafin sa'a ta cika, za a tarar da tsibirin a tsakiyar gudan jini, fararen ƙwayoyi sun kutsa cikinsa. Wata alama da masu bincike ke gani a jikin birai ita ce insulin ya hau sama kwatsam jim kaɗan bayan ɗurawa, ba don tsibiran sun fara aiki ba, sai don ƙwayoyin sun fashe sun zubar da abin da ke cikinsu.

Masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, cikinsu har da Olle Korsgren da Bo Nilsson, su ne suka fayyace wannan martani a ƙarshen shekarun 1990, ta hanyar zagaya jinin mutum cikin bututun roba tare da tsibirai suna kallon abin da zai faru. Sunan da suka ba shi, wato martanin kumburi na nan take da jini ke haddasawa, ana taƙaita shi da IBMIR. Yana faruwa ko da tsibiran na mutum ne, amma ya fi tsanani idan na alade ne, saboda dalilai biyu: jinin mutum yana da antibodi, wato furotin na garkuwa masu kama baƙon abu, da ke jiran ƙwayoyin alade tun kafin su zo, kuma furotin ɗin da alade ke amfani da su wajen taka wa kwamfilimen da daskarewa birki ba sa aiki sosai a kan na mutum. Ana rage ɓarnar da maganin hana daskarewar jini irin su hefarin, da magungunan kashe kumburi, da masu dakatar da kwamfilimen, amma akwai iyaka, domin an huda hanta kuma yawan maganin na iya jawo zubar jini. Wannan ne ya sa wasu ke neman wani mazaunin da ba cikin jini ba, kamar kitsen da ke lulluɓe hanji, ko cikin tsoka, ko ƙarƙashin fata.

Ta yaya mutumin da bai taɓa kusantar alade ba zai kasance da antibodi a kansa?

Amsar tana cikin hanjinmu. A fatar ƙwayoyin alade, da ma na mafi yawan dabbobi masu shayarwa, akwai wani nau'in suga da ake kira alfa-gal. Mutum, da manyan birai, da biran Afirka da Asiya ba sa yin sa, domin ƙwayar gadon da ke haɗa shi ba ta aiki a jikinsu. Amma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjinmu suna ɗauke da shi, saboda haka tun cikin watannin farko bayan haihuwa jariri yake fara haɗa antibodi a kansa, kuma ba ya dainawa har tsufa. Uri Galili, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan antibodi, ya nuna cewa ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na dukkan antibodin da ke yawo a jinin mutum. Ke nan wanda bai taɓa cin naman alade ba da wanda ya saba cinsa duk suna ɗauke da shi.

Bayan alfa-gal an gano wasu nau'o'in suga biyu da jinin mutum ke ƙi, wato Neu5Gc da Sda. Na farkon yana da wani sarƙaƙiya da ya kamata mai bin labaran gwaji ya sani: biran da ake gwaji a kansu suna da shi a jikinsu, mu ne ba mu da shi, don haka aladen da aka gyara domin ya dace da mutum yana iya zama mafi baƙunta ga birin da ake gwaji a kansa. Sakamakon biri ba kullum yake faɗin abin da zai faru da mutum ba.

Idan haka ne, me ya sa tsibiran ba sa mutuwa nan take kamar ƙodar alade da ba a gyara ba?

Ƙodar alade ko zuciyarsa tana zuwa da nata jijiyoyin, kuma shimfiɗar cikinsu cike take da alfa-gal, shi ya sa da zarar an sako mata jinin mutum sai ta yi baƙi ta kumbura cikin mintuna ko sa'o'i. Tsibiri kuwa an yanke shi daga jijiyoyinsa tun wajen cirowa, kuma sabbin jijiyoyin da za su ciyar da shi daga jikin mai karɓa suke tsirowa, abin da ke ɗaukar kwana 10 zuwa mako 2. Wannan sa'a ce ta wani gefe, amma a tsawon waɗannan kwanaki tsibirin yana fama da ƙarancin iskar oksijin, kuma ƙwayar da ke cikin wahala ta fi jawo hankalin garkuwa.

Shekarun aladen ma suna da tasiri. Tsibiran babban alade ba su da alfa-gal da yawa kuma suna fara aiki da wuri, amma suna da rauni, suna wargajewa wajen cirowa. Na jarirai masu kwanaki kaɗan sun fi juriya da sauƙin cirowa, kamar yadda Gregory Korbutt ya nuna a Edmonton a 1996, sai dai suna ɗauke da alfa-gal mai yawa, kuma sai sun yi makonni kafin su balaga su iya riƙe suga.

Tsibiran da suka tsallake ranar farko fa, me ke jiransu?

Ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne ke jagorantar yaƙi mai dogon zango. Suna gane baƙon ta hanya biyu. Wani lokaci suna karanta alamar shaida da ke fatar ƙwayar alade kai tsaye, wadda ake kira SLA, takwarar HLA da ake gwadawa kafin dashen ƙoda tsakanin mutane. Wani lokaci kuma ƙwayoyin tsaro na mai karɓa ne ke haɗiye ɓurɓushin ƙwayoyin alade da suka mutu, su gutsuttsura furotin ɗinsu, su nuna wa ƙwayoyin T. Wannan hanya ta biyu ta fi nauyi a dashe tsakanin jinsuna, domin a tsakanin mutum da mutum furotin kaɗan ne suka bambanta, amma a tsakanin mutum da alade kusan kowane furotin yana da ɗan bambanci.

Da zarar ƙwayoyin T masu alamar CD4 sun farka, sai su kira manyan ƙwayoyi masu haɗiya da ake kira makurofej, kuma su ne ke aikin hallakawa. A nan ma akwai wata matsala ta daban. Kowace ƙwaya a jikinmu tana ɗauke da furotin CD47 da ke gaya wa makurofej ya ƙyale ta, amma makurofej na mutum ba ya jin saƙon CD47 na alade yadda ya kamata. Ba tare da magani ba, cikin mako ɗaya zuwa biyu ake gamawa da tsibiran. Kuma kada a manta cewa wanda ake yi wa dashen mutum ne da garkuwarsa ta taɓa hallaka nasa ƙwayoyin beta.

Shin magungunan da ake bai wa masu dashen ƙoda ba za su wadatar ba?

A gwajin birai, magungunan da aka saba da su ba su isa su kaɗai ba. Ci gaba na gaske ya zo ne a 2006, lokacin da rukunin Bernhard Hering a Jami'ar Minnesota, da wani rukuni na Jami'ar Emory, duka a Amurka, tare da masanan Edmonton, kowanne ya nuna cewa tsibiran alade na iya riƙe sugan biri mai ciwo fiye da kwana 100. Daga baya rukunin Chung-Gyu Park a Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu ya haura kwana 600. Abin da ya haɗa mafi yawan waɗannan nasarori shi ne maganin da ke toshe wata hanyar sadarwa tsakanin ƙwayoyin T da sauran ƙwayoyin tsaro, wato CD154 da CD40. Sai dai nau'in farko na wannan magani ya haddasa daskarewar jini a jijiyoyin wasu mutanen da aka gwada shi a kansu saboda wasu cututtuka, har aka dakatar da shi, kuma sai daga baya aka ƙera sabbin nau'o'i da nufin kauce wa wannan haɗari.

A ganina nan ne zuciyar maganar take. Mutumin da zuciyarsa ta gaza kuma ba shi da wani zaɓi zai iya karɓar magani mai nauyi, domin abin da ke ɗaya ɓangaren mutuwa ce. Mai ciwon suga kuwa yana da insulin, yana iya shekara 50 yana rayuwa da shi. Magungunan danne garkuwa suna buɗe ƙofa ga cututtuka masu yaɗuwa da wasu nau'o'in sankara, kuma takurolimus, wanda shi ne ginshiƙin maganin dashe, yana cutar da ƙoda har da ƙwayoyin betan da ake son karewa. Idan aka raba yaro da allura aka ɗora shi a kan wannan nauyi har iya rayuwarsa, an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa waɗanda ake ganin sun dace da gwaji su ne masu fama da faɗuwar suga mai tsanani wadda ba sa jin alamunta har sai sun suma, ko kuma waɗanda dama suna shan magungunan saboda dashen ƙoda.

Ba za a iya ɓoye tsibiran daga garkuwa gaba ɗaya ba?

Wannan shi ne tunanin da ya haifar da kunshe su cikin ƙananan ƙwallayen aljinet, wani abu mai yauƙi da ake samu daga ciyawar teku. Ƙwallon yana aiki kamar rariya: suga da oksijin su shiga, insulin ya fita, amma ƙwayoyin garkuwa sun yi girman da ba za su wuce ba. Kamfanin Living Cell Technologies na ƙasar Niyu Zilan ya yi amfani da aladun da asalinsu daga tsibiran teku na Auckland suke, can kudancin ƙasar, inda suka daɗe a keɓe ba su haɗu da cututtukan aladun gona ba. An yi gwaji a kan majinyata 14 a Niyu Zilan daga 2009, sannan wasu 8 a Ajantina, ba tare da maganin danne garkuwa ba. An samu raguwar faɗuwar suga marar alama a wasunsu, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai fama da ita, amma sun ci gaba da allura.

Dalilin shi ne ramukan da ke barin insulin ya fita suna barin ɓurɓushin furotin na alade su fita, suna kuma barin ƙananan sinadaran kumburi su shiga. Jiki kuma yana ɗaukar ƙwallon kansa a matsayin baƙon abu ya lulluɓe shi da tabo, sai oksijin ya yanke, tsakiyar tsibirin ta mutu. Duk da haka, masanin kamfanin, Robert Elliott, ya ba da rahoton wani majinyaci da aka leƙa cikinsa bayan shekara 9 da rabi aka tarar da wasu ƙwayoyin alade a raye cikin ƙwallayensu.

Me gyaran ƙwayoyin gado ya sauya?

Ya mayar da wani ɓangare na aikin daga jikin majinyaci zuwa jikin alade, kuma wannan ita ce alƙiblar da ta fi dacewa da mai ciwon suga. A tsakanin 2002 da 2003 aka samu aladun farko marasa alfa-gal, kuma fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR ta sa yanzu ana cire nau'o'in sugan nan uku a lokaci guda. Ana kuma ƙara ƙwayoyin gadon mutum, kamar CD46 da CD55 masu kwantar da kwamfilimen, da CD47, da masu hana daskarewar jini. A Pittsburgh ta Amurka, tsibiran alade mai ɗauke da CD46 sun yi fiye da shekara a jikin wani biri. A Munich ta Jamus kuma an samar da aladun da ƙwayoyin betansu ke fitar da maganin danne ƙwayoyin T da kansu, domin maganin ya tsaya a inda ake buƙatarsa maimakon ya gauraye jiki. Cire alfa-gal kaɗai dai bai kawar da asarar sa'ar farko ba, bai kuma hana ƙwayoyin T farkawa ba.

Me aka koya daga mutanen farko da aka yi wa dashen?

Tsakanin 1990 da 1993, Carl-Gustav Groth a Stockholm ta Suwidin ya dasa ƙwayoyin 'yan tayin alade a jikin majinyata 10 masu dashen ƙoda. Da yake wani guntun furotin da ke fita tare da insulin, wato C-peptide, na alade ya bambanta da na mutum, ana iya gane ko ƙwayoyin suna raye. An same shi a fitsarin mutum 4 na tsawon watanni, amma babu wanda ya rage allurarsa. Binciken jininsu ya nuna antibodin alfa-gal ya ƙaru sosai bayan dashen duk da magungunan da suke sha, wanda ya tabbatar da cewa jiki yana ƙara shiri bayan haɗuwar farko. Wannan ya sa ake bin diddigin antibodin duk wanda aka yi wa irin dashen, musamman da yake wasu antibodin da ke kama HLA suna iya kama SLA, kuma mai ciwon suga na iya buƙatar ƙodar mutum wata rana.

Danne garkuwa ba zai bar cututtukan alade su shiga mutum ba?

Wannan damuwa ce ta gaske. Akwai bairos mai suna PERV da ke saƙe cikin ƙwayoyin gadon kowane alade, kuma a 1997 an nuna yana iya shiga ƙwayoyin mutum a ɗakin gwaji. Binciken da aka wallafa a 1999 kan mutum 160 da suka taɓa haɗuwa da ƙwayoyin alade masu rai bai sami kamuwa ba, haka ma majinyatan Niyu Zilan da Ajantina, kuma a 2017 an samar da aladun da aka kashe musu shi. Amma a 2022 an gano wani bairos na alade daban a jikin mutumin farko da aka dasa wa zuciyar alade a jihar Maryland ta Amurka, wanda ya rasu bayan kimanin wata 2. Tun a 2008 taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya a birnin Changsha na ƙasar Sin ya nemi kada a yi irin wannan dashe sai da sa idon hukuma da bibiyar majinyaci na dogon lokaci.

Musulmi zai iya karɓar irin wannan dashe?

Hukunci na malamai ne. Aya ta 173 ta Suratul Baƙara, wadda ta haramta cin naman alade, ta kuma ɗauke laifi daga wanda larura ta tilasta, kuma malamai da dama na wannan zamani sun gina a kan haka suka halatta magani daga alade idan rai ko lafiya na cikin haɗari kuma babu madadi na halal. Sharaɗin rashin madadi shi ne abin dubawa a nan, tun da insulin yana nan, don haka ya kamata malamin da za a tambaya ya ji cikakken bayanin halin majinyacin daga bakin likitansa.

Akwai inda ake yin wannan dashe a matsayin magani yanzu?

Ana yin sa ne a matsayin gwaji ƙarƙashin izinin hukumomi, ba magani ba ne da ake zuwa a saya, kuma duk wanda ya yi alkawarin warkar da ciwon suga da ƙwayoyin dabba a kan kuɗi ya cancanci a yi hattara da shi ƙwarai. Ko dashen tsibiran mutum sai a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, ga manya masu fama da faɗuwar suga mai tsanani. Ana kuma gwada ƙwayoyin beta da ake rainonsu a ɗakin gwaji daga ƙwayoyin asali na mutum (masu iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyi), waɗanda ba su da matsalar alfa-gal, ko da yake su ma a gwaje-gwajen da suka fi nasara sai da aka haɗa da maganin danne garkuwa. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya bai kamata ya rage ko ya dakatar da insulin ɗinsa saboda labarin wani gwaji ba, domin rashinsa na kwanaki kaɗan yana iya kai shi ga suma da rasa rai.